Azumin da Na Ɓoye wa Maigidana

A shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinmu a ƙasar Maradun, ni yarinya ce mai kafiya, in na ce eh babu mai sa ni in ce a'a. Muka koma Talata Mafara, maigida ya kama fawa, ni kuma ina surfe da daka ana biyana. Abu ɗaya ke cin raina: aure ya yi nisa, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba.

Sai na ɗau alkawari tsakanina da Allah cewa ba zan bar azumi ba sai na ga ciki. Na fara da Litinin da Alhamis, daga baya na koma kullum. Ba sahur, buɗa baki ɗan kunu kawai, don a haukata wahala ce ke sa a karɓi addu'a. Maigida yini yake kasuwa, bai sani ba. In ya kawo balangu sai in ce na ƙoshi. Da al'adata ta ɗauke, wallahi murna na yi. Na ce masa an samu, bawan Allah har ragon suna ya saya ya ɗaure. Watanni suka wuce, ciki a shafe, ni sai ƙashi da fata. Tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, na ƙara azumi don ya tashi.

A asibiti wata ma'aikaciya ta duba ni, ta ce babu komai a marata. Ta ce azumin Ramadan ba ya hana macen da ke cin abinci haihuwa, amma jikin da yunwa da aiki suka daɗe suna ci yakan daina sakin ƙwai, jini ma ya tsaya. Ta roƙe ni in ci. Na harare ta, na ce a raina so take ta raba ni da ibada. Sai da na yanke jiki na faɗi a bakin turmi na bari. Jinin ya dawo yana zuwa yana ƙi, har ya tafi gaba ɗaya.

Ko da na ci zan haihu? Allah kaɗai ya sani, kuma yanzu babu gyara. 'Yan'uwana mata, Allah bai ce mu kashe jikinmu kafin ya ba mu ba. In jini ya ɗauke ku je a duba ku, kuma kada ku ɓoye wa mazanku. Nawa ya rasu yana zaton matsalar daga gare shi take, yana shan saiwoyi, yana ba ni haƙuri, ni kuwa ina amsawa.