Jirgin Katako na Zauren Kakana

Kusa da shagona akwai wata Bayarabiya mai gyara wa mata farce. Duk sa'ad da ta buɗe kwalbar man da take shafawa, iska ta kaɗo warin zuwa wajena, sai in ga na ajiye abin da ke hannuna. Wari ne mai hawa kai, wasu har toshe hanci suke yi. Ni kuwa zauren kakana yake mayar da ni, a Agege, daminar da nake shekara goma sha biyu, ina durƙushe gaban wani faffaɗan allo da reza a hannuna.

Bari in faɗa maka yadda na zama ɗan gidan. Kaka mahaifin Innata ne. Ubansa soja ne na zamanin Turawa, da aka sallame shi bai koma Arewa ba, ya kafa gida kusa da layin dogo. A nan aka haifi Kaka, Yarbanci a bakinsa kamar Hausa. Mahaifina mai fataucin goro ne. Da auren ya mutu ya koma garinsu, Inna ta dawo gidan ubanta da ni a goye, kuma tun daga nan ko wasiƙa bai aiko ba. Ban san wani gida ba sai wannan. Kawuna, yayan Inna, yana sashe guda da iyalinsa, yana da ɗa wanda ya girme ni da shekara biyu. Taubashina ne, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana.

Kaka ya ƙare ƙarfinsa yana gadi a ƙofar rumfar da ake gyaran jiragen sama a Ikeja. Bai taɓa shiga jirgi ya tashi da shi ba, amma in wani ya ratso ta saman gidanmu yana shirin sauka, kwanon rufi na rawa, zai faɗa maka irinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Wani makanike Bature da zai koma ƙasarsu ne ya ba shi wani dogon kwali, ya ce ya kai wa yara. Kwalin ya yi shekara da shekaru a kan kabad. A dogon hutun shekarar nan, ruwa ya hana mu fita kwana uku a jere, ya sa aka sauko masa da shi.

Ciki siraran falle-fallen katako ne na wani itace da ake kira balsa, fari, mara nauyi, ka ɗauka ka ji kamar ba ka riƙe komai ba. Akwai takardar zane mai faɗin sallaya, da farfela, da doguwar roba, da siririyar takarda a naɗe, da gwangwanin man nan mai wari. Taubashina ya leƙa, ya ga ba jirgi ne haɗaɗɗe ba, ya ɗauki ƙwallonsa ya shiga cikin yayyafi. Ni na zauna.

Kaka bai iya karanta Turanci ba, amma ya iya karanta zane. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya yi hazo, don haka shi ke nunawa ni ke yi. Muka shimfiɗa zanen a kan allo, muka rufe da leda kada gam ya kama shi. Na kwaso fil daga gwangwanin ɗinkin Inna. Haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya nake yanka su da reza, in shafe da takardar yashi, in kafe kowanne a kan layinsa. Na karya uku a rana ta farko, na yanke yatsa har jini ya ɗiga a kan zanen. Bai yi faɗa ba. Ya ce in bar wuƙa ta yi aikinta, in daina tura ta, ya nemo mini ragowar katako na sake yankewa.

Damshin Legas ya so ya ci mu. Ka haɗa fiffike a miƙe da yamma, da safe ka tarar ya karkace. Sai muka koma danne shi da dutsen guga da gwangwanayen madara cike da yashi har gam ya kama sosai. Haka muke wuni, ruwa na dukan rufi, ƙamshin burodi na shigowa daga gidan gashin da ke bayanmu, shi yana tauna goro yana ba ni labarin jiragen da ya gani a buɗe, cikinsu a waje kamar an yanka sa. Tun daga lokacin ya daina kirana da suna, sai Injiniya. Da muka lulluɓe ƙashin jirgin da siririyar takarda, muka yayyafa ruwa, ta bushe ta ɗame kamar fatar kalangu, na shafa man, Inna ta kore mu daga zauren da tabarmarmu saboda wari.

Ranar da muka fara gwada shi, a filin da ke bayan makarantar firamare, na murza farfela da yatsa har robar ta ƙulle, na saki. Ya tashi a hankali, ya yi kewaye ɗaya da rabi, ya sauka cikin ciyawa kusa da kwata. Na waiga na ga tsohon nan ya tattare babbar rigarsa yana gudu, hularsa ta faɗi bai sani ba.

Kawu mai gyaran rediyo da talabijin ne. Da ya ga jirgin ya juya shi a hannu, ya ce ɓarna ce a bar irin wannan aiki a kan roba, shi zai samo kayan da za a riƙa sarrafa shi daga ƙasa. Bai yi ƙarya ba. Cikin kayan gwanjo ya tono ƙaramin injin lantarki, da batir, da rimot mai sanduna biyu, da wasu ƙananan injuna biyu, kowanne bai kai akwatin ashana ba, masu ja da saki. A wuni ɗaya ya haɗa wayoyin da darma ya miƙo mana. Sauran aikin ya ɗauke mu makonni.

Dole na farke cikin jirgin da na lulluɓe da hannuna, kuma sai da na yi kwana biyu ina ɗaga reza ina ajiyewa. Muka cire robar, muka ƙarfafa hancinsa da siririn falanki don ya iya riƙe injin. Muka yanke bayan jelarsa gida biyu, na tsaye da na kwance, muka mayar da su da ƙyallen tsohon mayafin Inna yadda za su riƙa motsi kamar ƙyaure. Wayar da ke jan su daga wata karyayyar lema na zaro ta. Abin da ya fi ba mu wahala nauyi ne. Kaka ya nuna mini yadda zan ɗora fiffike a kan yatsu biyu in duba inda ya rinjaya, in matsar da batir gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya tsaya hancinsa ya ɗan sunkuya.

Sau biyu na kifar da shi, sau biyu muka gyara. A hankali na gane cewa in ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa. Zuwa ƙarshen damina ina iya ɗaga shi sama da bishiyar mangwaro, in kewaya filin, in sauke shi a gaban ƙafar Kaka. Taubashina ya karɓi rimot sau ɗaya, ya cusa shi cikin reshe, bai ƙara taɓawa ba.

Ana haka Kawu ya zo da labarin cewa wani kamfanin gyaran jirage zai yi baje kolin fasahar yara a filin wata makaranta a Ikeja, wanda ya ci kuma za su ɗauki nauyin karatunsa na fasaha har ya koyi aiki a wurinsu. Shi ya karɓo takarda, shi ya cike. Bayan la'asar Kaka ya kira ni ya ce in zauna in koya wa ɗan'uwana yadda aka yi komai, tun daga yanka har ɗaura inji, don in an yi tambaya da Turanci ya taimaka mini, tun da bakinsa ya fi nawa sakewa. Mako biyu ina koya masa. Da daɗi nake yi, har ina ƙara masa abin da bai tambaya ba.

Ranar Asabar muka shiga danfo, motar hayar Legas, mu huɗu, fiffike a naɗe cikin zani a kan cinyata, ina kare shi da gwiwar hannu daga masu shiga da fita. A filin aka ba mu tebur. Kawu ya ce taubashina ya tsaya a wurin teburin, ni in je in tayar da jirgin, hannuna ya fi saiti. Na tayar da shi. Ban taɓa yin tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Rana na ratsa takardar fiffiken, kana ganin haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Na yi kewaye uku na sauke shi lafiya, mutane suka yi tafi.

Da na ɗauko shi na dawo, na tarar alƙalai uku sun kewaye teburin, taubashina yana yi musu bayanin yatsu biyu da matsar da batir, da kalmomina, har da yadda nake ɗaga hannu. Babbansu, wani mai furfura, ya gane Kaka tun zamanin gadi. Suka gaisa da Yarbanci, ya tambaye shi wane ne cikin yaran ya yi wannan aiki. Kaka ya ɗora hannu a kafaɗar taubashina.

"Wannan ne, ranka ya daɗe. Ɗan ɗana ne."

Mutumin ya nuna ni da biro, ya ce wannan fa.

"Ɗan 'yata ne. Ya zo taya shi."

Ina riƙe da jirgin, tabon reza na nan a yatsuna ko'ina. Da na buɗe tafin hannuna kawai na nuna, wataƙila da an tsaya an duba. Amma ba a koya mana ƙaryata babba a gaban baƙo ba, balle wannan babban. Na kalli fuskarsa ina jiran ya yi dariya, ya ce wasan jika da kaka ne. Yana kallon takardar da ke kan tebur. A nan na ga sunan da Kawu ya rubuta tun makonni biyu da suka wuce.

Su Kawu sun ci. Kamfanin ya riƙe jirgin don ya ajiye a ofishinsa. A hanyar dawowa zanin Inna kaɗai ke kan cinyata.

Inna tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariya, ta ce in yi haƙuri in rufe bakina, a gidansu muke. Washegari bayan azahar na sami Kaka a zaure shi kaɗai. Na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "Kaka, ni fa na yi shi."

"Na sani," in ji shi. "Wa ya fi ni sani? Amma shi zai riƙe gidan nan bayan raina. Kai kana da gidan ubanka."

Ya faɗa ne a hankali, ba da fushi ba, kamar mai gaya maka ranar kasuwa. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, abin da bai taɓa yi ba. Ban karɓa ba. Da Kawu ne kaɗai ya yi mini haka, da na ce halin manya ne, ya wuce. Amma mutumin da ya ɗaure mini yatsa da ƙyalle ranar da na yanke, shi ya zauna ya tsara yadda zan koyar da wanda zai karɓe aikina, kuma ya san gidan uban da yake tura ni ko hanyarsa ban sani ba.

Na ci gaba da gaishe shi safe da yamma, ina kai masa ruwan alwala. Ban ƙara zama a zauren ba. Bayan shekara huɗu ciwo ya kwantar da shi, ya tara mu ya ce duk wanda ya yi wa ba daidai ba ya yafe masa. Kowa ya ce ya yafe, ni ma na faɗa tare da su. Na jira ya juyo wajena ya ambaci abin da sunansa. Bai juyo ba.

Yau an sayar da gidan, an yi bene mai shaguna a wurin. Filin bayan makaranta ya zama tashar 'yan acaɓa. Yaran unguwa masu hali jiragen roba suke saya haɗaɗɗu, su tuƙa da waya, in ya karye su jefar. Taubashina yana aiki a filin jirgi, mutumin kirki ne, muna haɗuwa wajen suna da jana'iza, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ni ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma Allah ya rufa asiri.

Ƙanwata, wadda Inna ta haifa a aurenta na biyu, ta dawo gidana bara da ɗanta. Yaron yana da hannu, ya fi ɗana nesa ba kusa ba, kowa a shagon ya sani. Watan jiya wani oga da nake yi wa aiki ya ce in kawo masa yaro ɗaya ya tura shi koyon aiki, guri ɗaya ne. Kafin ya rufe baki na ji sunan ɗana ya taso mini har kan harshe, da hujjarsa a shirye, irin ta Kaka sak. Na haɗiye, na ce ya ba ni kwana biyu. Ranar Litinin na kai masa ɗan ƙanwata. Matata ba ta yi mini magana ba har mako ya zagayo, ɗana kuma har yau in ya gaishe ni ƙasa yake kallo.