Sunan da Hajiya Safi Ba Ta Faɗa

Kadidiatou ta sauka Paris da akwati ɗaya da rigar sanyi ta aro, ta kwana wata huɗu a ɗakina na Montreuil kafin ta wuce Lyon karatu. 'Yar Tahoua ce kamar ni. Ni atamfa da leshi nake sayarwa a Château Rouge, kuma kowa ya san bakina ba ya shiru. Ita kuwa sai ka wuni da ita ba ka ji kalma goma ba. Karatun bai yi nisa ba. Ta auri Salmanu, mai aiki a wani sito a Vénissieux, suka samu gida a hawa na tara a unguwar Minguettes, can cikin Vénissieux ɗin, ta haifi Lina da Taha, ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi.

Shekara goma sha huɗu ta yi tana yi wa iyayen mutane wanka. Tana yanke musu farce, tana ba su abinci a baki, ta san wacce ba ta son miyarta da zafi da wacce take kuka idan an rufe taga. Na sha tsokanarta cewa duk tsofaffin Lyon sun zama iyayenta, ba ta rage wa kowa ko ɗaya ba. Sai ta yi murmushi kawai.

Tata uwar, Hajiya Safi, tana can Tahoua ita kaɗai. Mijinta ya rasu. Nouhou, ɗanta namiji, ya rasu a hatsarin mota. Autarta Hafsah tana aure a Agadez, ita ma da kyar take riƙe kanta. Ga ciwon suga ya fara cin idon tsohuwar, har ta taɓa zuba wa kanta tafasasshen ruwa a ƙafa don ba ta ga bakin kwanon ba. Abin da Kadidiatou take so a duniya ɗaya ne: ta kawo uwarta kusa da ita kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

To, ƙasar nan idan katin zama kawai gare ka, za ka iya neman a kawo maka mata ko miji da ƙananan yara, amma ban da uwa, ban da uba. Ni shekarata ashirin da uku a nan, babu harajin da ban biya ba, kuma har babana ya rasu ban samu ƙofar da zan buga a kansa ba. Sai wanda ya zama ɗan ƙasa ne ake sauraro, shi ma sai ya nuna cewa shi ke ɗauke da iyayen. Don haka Kadidiatou ta nemi zama 'yar ƙasa. Ba don tana sha'awa ba. Saboda tambayoyin da za a yi mata, ta haddace sunayen koguna da sarakunan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu, tana bitar su a cikin taram, jirgin nan na cikin gari. Ranar da aka ba ta takardar ba ta yi walima ba, fom ɗin bizar uwarta ta zauna cikewa.

Na ga takardun da idona, sun fi bandir ɗin atamfa kauri. Takardar haihuwa, takardar likita, shaidar duk aiken da ta yi gida, har da hoton ɗakin da ta gyara wa tsohuwar, da gado mara tsawo don kada ta faɗo. A 2022 aka kira Hajiya Safi ofishin biza a Yamai don a yi mata 'yan tambayoyi. Maƙwabcinta, Malam Soumaïla, tsohon malamin makaranta, shi ya raka ta a mota, ya jira ta a bakin ƙofa.

Bayan wata biyu amsa ta zo. An ƙi.

Wata Asabar sai ga Kadidiatou a shagona, ko waya ba ta yi mini ba, ta shigo jirgin ƙasa daga Lyon. Ta ajiye takardar a kan wani leshi da nake aunawa. Na karanta sau uku. Wai ba su gamsu cewa Hajiya Safi ce ta haife ta ba.

"Ba su gamsu ba?" na ce. "Su kalli hancinki su kalli nata mana! Wane ɗan banza ne ya rubuta wanga abu?"

"Kira min ita, Yaya Nuriyya," ta ce. "Ke za ta hwaɗa miki."

Abin da ya sa ba ta kira da kanta ba, Kadidiatou ɗiyar fari ce. Mutanenmu na da suna jin kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ana yaye shi kaka take ɗauka. Kadidiatou a ɗakin kakarta, Inna, ta girma. Hajiya Safi kuwa ta riƙe al'adar nan fiye da kowa da na sani. "Ta-Inna" take ce mata. Ko a waya, gaisuwa biyu sai ta ce a ba ta jikokinta. Mu duk mun saba, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki.

Na kira, na buɗe muryar wayar don Kadidiatou ta ji. Muka gaisa, na tambayi ido, na tambayi ƙafa, sannan na ce, "Hajiya, ran da kunka tahi Yamai, mi sunka tambaye ki?"

"Ba su tambayi abin kirki ba," ta ce. "Wani Bature ne da tafinta. Sunka ce ɗiyana nawa. Na ce biyu, Nouhou da Hafsah, guda ya riga mu."

Na jawo kujera na zauna.

"Biyu kika ce, Hajiya?"

"To nawa zan ce?"

"Ba su tambaye ki wadda ta aiko da takardun ba?"

"Sun tambaya. Sunka ce in hwaɗi sunanta, na yi kawaici. Sai shi tafintan ya karanto sunan, wai mi take gare ni. Gaban maza biyu, Nuriyya! Na ce ɗiyar Inna ce."

"Wace Inna, sunka ce?"

"Na ce uwata."

Innalillahi. Wato a rubuce a ofishin nan, da bakinta, Hajiya Safi ta shaida cewa Kadidiatou ƙanwarta ce. Kuma tana ba ni labarin ne da muryar wadda ta fita kunya, ta nuna wa baƙi tarbiyyar gidansu. Na kalli Kadidiatou. Ta dafe bakinta da hannu biyu, idonta a buɗe, ko ƙiftawa ba ta yi. Wata mata ta shigo tana tambayar farashin shadda, na ce mata mun rufe.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Tafintan nan Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba? Bai da uwa? Kalma ɗaya zai yi wa Baturen ya warware. Mu ma fa da laifinmu. Mun shirya takarda ta kowane iri, Malam Soumaïla ya koya mata ranar haihuwarta da adireshin Vénissieux har ta haddace, amma duk cikinmu ba wanda ya tuna ya ce mata, Hajiya, za a ce ki faɗi sunan 'yarki.

Mun je wurin wata lauya a Paris. Ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau, ta ce ita ba ta taɓa jin irin wannan ba. Za ta ɗaukaka ƙara, amma abin yana iya cin shekara ɗaya ko biyu. Likitan Tahoua kuwa ya riga ya ce idon ba zai jira haka ba.

Malam Soumaïla ne ya zaunar da Hajiya Safi ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce mini yana gamawa ta tashi tana laluben bango ta shige ɗaki. Kwana uku bayan nan ta aika a kira shi, ta ce ya riƙe mata waya ya danna wurin ɗaukar murya, sannan ya juya mata baya.

Kadidiatou ta samu saƙon da rana tsaka, tana cikin taram za ta aiki. Ta turo mini. Ga abin da ke ciki, na ji shi ya fi sau ashirin:

"Salamu alaikum, mai ofis. Ni ce Safi, wadda ta zo rannan. Ɗiyana uku ne. Ta farin ita ce..." Nan ta yi shiru mai tsawo, kana jin numfashinta da kukan akuya a bayan gida. "Kadidiatou. Ni na haihe ta, ran Laraba, da damina. Ɗiyata ce. Ku yi haƙuri."

Na kai wa lauyar nan take. Ta ce za ta sa a rubuta a haɗa, amma kada mu ɗora rai a kai, ba a cika ba irin wannan muhimmanci ba.

Da yamma na kira Kadidiatou. Na zaci zan ji ta tana murna ko da kaɗan ne. Ta ce tun da aka ɗauki muryar, Hajiya ba ta fito tsakar gida ba, ba ta karɓar waya, ko ta jikokin.

"Amma dai kin ji sunanki a bakinta," na ce.

"Na ji," ta ce. "Shekarata arba'in da huɗu, Yaya, ban taɓa roƙonta ta hwaɗa ba, don na san abin da zai yi mata. Yau an sa ta ta hwaɗa, kuma ba ni ta gaya wa ba. Mai ofis ta gaya wa, shi ko ba zai saurara ba."

Sai ta ce in yi haƙuri za ta kashe, lokacin ba wata tsohuwa abinci ya yi.