Kunyoyi Biyun da Malam Ya Raina

Shekara talatin da biyu Malam ya yi yana koyar da ilimin noma a sakandare, kuma shi da bakinsa yake faɗa cewa duk tsawon lokacin nan abin da ya shuka bai wuce wake a gwangwanin madara ba. A kan allo kuwa, babu gonar da bai nome ba.

Da ya yi ritaya sai zama ya ishe shi, shi ma ya ishi mutanen gida. Ranar da ya bi mai ɗakinsa kicin yana yi mata bayanin dalilin da ya sa ruwa ke tafasa, ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, don Allah ka je wajen Yaya ya ba ka abin yi."

Yayan nasa manomin rani ne, bai taɓa riƙe alli ba, ba shi da yawan magana. Ya kai shi bakin rafi, ya nuna masa wani ɗan fili.

"Kunya goma ta dankali, rani ɗaya," in ji shi. "In ka fitar da abin kirki, wurin ya zama naka. In ba haka ba, na zuba albasata."

Malam ya ji tsoron maganar har cikin ransa, domin in filin nan ya kuɓuce masa, kujerar ƙofar gida ce kawai ke jiransa. Amma tsoron bai hana shi iyayi ba. Ya sayi littafi mai layi, ya kafa wa kowace kunya turke da lamba. Takwas ya ware wa kimiyya. Biyun ƙarshe, can inda tiyon ruwa ke isa da ƙyar, ya zuba musu takin dabbobi da toka kamar yadda Yaya ke yi, yana ba su ruwa sau ɗaya a mako. Nufinsa ranar tono a jera nasa da na tsohon yayi, a ga bambanci.

Takwas ɗin nan sun ga gata. Ruwa safe da yamma, har ƙasa ta daina sha. Duk Asabar ya goya injin feshi, ya yi wa ganye wanka da takin ruwa. Kwalbar takin ta ce murfi ɗaya, Malam ya ce ai wanda ya rubuta bai san dankalinsa ba, ya zuba uku. Yaɗo kuwa ya haukace, ya rufe kunya, ya tsallake hanya, ganye shar kamar an shafa masa mai. Masu wucewa na tsayawa su ce sannu da aiki, Malam ya gyara tabarau ya ɗauko musu lacca. Biyun ƙarshe ganyensu ƙanana ne, har kunyar a gan su yake ji.

Ranar tono ya yi sammako da fartanya da buhu takwas. Kunyar farko ta ba shi saiwoyi sirara kamar yatsun hannu. Ya ce wannan ai ta gefe ce. Ta biyu haka, ta uku har da ruɓaɓɓu masu wari. Kafin ya kai ta takwas ya daina rubutu a littafi, gumin da ke zuba masa kuma ba na rana ba ne. Gaba ɗaya ba su cika buhu guda ba.

Don dai ya gama ne ya sa fartanya a kunya ta tara. Ƙasa ta dare, dankali ya fito ɓul-ɓul, wani sai da hannu biyu. Malam ya zauna a ƙasa ya rasa dariya zai yi ko kuka. Biyun nan sun cika buhu uku.

Da hantsi Yaya ya iso. Turakun duk sun faɗi, dankali na tsibi guda, babu mai iya cewa daga ina wanne ya fito. Ya ɗauki wani ƙato ya jinjina shi a hannu.

"Madalla. Wannan aikin feshin naka ne?"

Malam ya san in ya ce e, magana ta ƙare, fili ya samu, mutunci ya tsira. Ya buɗe baki da niyyar faɗin hakan, sai ya ji kansa yana faɗin gaskiya.

"Yaya, manyan nan duk daga kunyoyi biyun da na ƙyale ne. Waɗanda na kula da su, ga su nan a cikin tsibin, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci."

Yaya ya dubi tulin ganyen da aka janye gefe. Bai yi dariya ba, kuma rashin dariyar ya fi yi wa Malam ciwo.

"Tun wata biyu da suka wuce, da na ga ganyen, na san abin da ke ƙasan nan," in ji shi. "So nake na ji abin da za ka ce. Riƙe filinka."

Ya sunkuya ya ɗauki injin feshin, ya rataya a kafaɗa.

"Wannan kuma zai zauna a wurina, sai ranar da ka iya haƙuri."

Malam, mai shekara sittin da jikoki huɗu, ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki fartanya ya bi bayansa.