Gwangwanin Baba

Ni ce auta a gidanmu, har ranar da wata maraƙa ta ƙwace mini sunan. A lokacin ina gidan mijina har da 'ya'ya, amma ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai. In Inna ta ce Auta ba ta ci komai ba yau, sai in buɗe baki zan ce na ci, sannan in tuna ba da ni take ba.

Mai Madara, sunan da duk unguwa ta san mahaifiyata da shi ke nan. Gidanmu yana ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare, a bayansa kuma akwai rumfar kwano mai daɓen siminti inda shanu ke kwana. Ita da Baba sun fara da saniya guda tun kafin a haife ni. Ba da abinci aikin Baba ne. Tatsa da tacewa da dafa madara da ɗurawa a robobi na Inna ne, kuma ba mai shiga hurumin wani. Inna siririya ce, mai saurin tafiya, mai zullumi kamar an ɗauke ta aikinsa. In hadari ya haɗo tana tunanin rufin rumfa, in bai haɗo ba tana tunanin ciyawa. Baba kuwa hannunsa bai san kaɗan ba. In ya zuba maka abinci sai ka rasa ta inda za ka soma. Kyanwar gidanmu ma ta daina kama ɓera saboda tumbi, sai dai ta bi shi da ido.

Wata shekara mai shagon abincin dabbobi ya kawo musu wani sabon abu, garin kitse, fari, mai tsaki-tsaki kamar garin sabulu. Ana gauraya wa shanun tatsa shi a cikin dusa don ya ƙara musu ƙarfi. Ya haɗo da ɗan ƙaramin gwangwani na awo, ya ce ɗaya ake ba kowace saniya, a shafe bakinsa. Madara kuwa ta ƙaru, maiƙonta ya yi kauri, masu saye suka fara yabawa. Baba ya riƙa tafiya yana murmushi shi kaɗai.

A lokacin Tauraruwa tana da ciki. Ita ce saniyar da ta fi kowace a rumfar, baƙa mai farin tabo a goshi, jikar wadda suka fara da ita. Da cikin ya tsufa aka daina tatsarta kamar yadda aka saba, amma Baba bai rage mata komai ba, ya ce ai na mutum biyu take ci. Ta yi ɓul-ɓul, fatarta na sheƙi, maƙwabta har leƙowa suke su gani. Haihuwa ta zo mata da wuya. An samu maraƙar da rai, amma uwar ta ƙi abinci, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Likitar dabbobi da ta duba ta, wata mata mai ƙarancin magana da ta daɗe tana zuwa gidanmu, ta ce kitse ne ya lulluɓe mata hanta. Iyakar abin da ta ce ke nan, don ta ga Baba zaune a kan bokiti ya haɗa kai da gwiwa.

Baba bai daɗe ba bayan nan. Ciwonsa daban ne, na ajali, ba ruwansa da shanu. Amma a zuciyar Inna mutuwar biyu a haɗe suke, kuma duka ta ɗora su a kan buhun nan. Ta sa aka mayar wa mai shago sauran garin, ta ce ko ƙofarta kada ya sake bi da shi. Gwangwanin kaɗai ta bari, rataye a ƙusar da Baba ya saba rataye shi a ɗakin ajiya.

Da kwalba mai kan roba Inna ta raini maraƙar, wadda ta sa wa suna Auta. Kuma tun daga ranar ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. Abin da ke cin ta shi ne, maraƙar ta sha garin nan tun tana ciki, wa ya san abin da ya bar mata a jini? Kowace safiya kafin tatsa sai ta bi haƙarƙarin Auta da tafin hannu, ta matsa gindin wutsiya, tana neman kitse kamar mai neman ƙari a jikin yaro. Ta taɓa tambayar Likita ko abin da uwa ta ci yana bin ɗa har girmansa. Likita ba ta iya ƙarya ba. Ta ce yana iya barin alama, masana ma suna kan bincike, amma ita dai a idonta Auta lafiyarta lau. Rabin farko Inna ta ji. Ta dawo tana cewa ai dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mun yi mata tsiya har mun gaji. Yayana ya ce a sa Auta a makaranta kawai a huta. Mijina ya ce in za a raba gado a tuna da ita. Inna takan yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonta.

Da Auta ta zama karsana ta ɗauki ciki, sai tsoron ya zama aiki. Yanzu Inna ce mai ba da abinci, aikin da ba ta taɓa yi ba duk zamansu da Baba. Sauran shanun tana ba su yadda ya kamata. Auta kuwa ta rage mata dusa, ta sake ragewa, har ya zama kusan busasshiyar ciyawa ce kawai a gabanta. Ina zuwa ƙarshen mako daga shagon magani inda nake aiki, kuma kowane zuwa sai in ga ƙasusuwan ƙugun saniyar sun ƙara fitowa. Likita ta yi magana, na yi magana. Rannan da na matsa mata, ta ajiye bokiti ta dube ni.

"Gara ƙashi da kitse," in ji ta. "Ƙashi bai taɓa kashe mini saniya ba."

Ita ma fa ramewar take yi. In na zuba mata abinci sai ta ɗan tsakura ta ture, ta ce bari ta leƙa rumfa. Na fara jin tsoron abin da zai faru da uwata in wani abu ya sami dabbar nan, domin ita ce ta rage daga jinin saniyarsu ta fari, kuma ita ce ta ƙarshe da Baba ya shafa wa kai.

Auta ta haihu cikin sauƙi. 'Yar maraƙa ce, ƙarama ƙwarai, mai dogayen ƙafafu da tabon kakarta a goshi. Inna ta kira ni a waya tana haki don murna, ta ce to, ina masu cewa ba ta san abin da take yi ba? Na ce Allah ya raya. Ni ma na so a ce ita ce da gaskiya.

Sai dai Auta ta gaji uwarta wajen madara. Hantsarta ta cika, tana zubar da abin da jikinta ba shi da shi, naman da ya rage yana narkewa cikin bokiti. Inna ta ɗan ƙara mata dusa a tsorace, amma bai kai ko'ina ba. Bayan 'yan makonni saniyar ta fara tangaɗi, ta daina tuƙa, numfashinta ya ɗauki wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Wani hantsi ina tsakiyar aiki waya ta shigo. Inna ce, ta ce in zo, Auta ta durƙusa, kuma a daidai wurin da uwarta ta kwanta.

Na same ta tsugune a daɓen, zanenta ya jiƙe da ruwan wanke rumfa, ta rungume kan saniyar. Likita ta riga ni isowa. Ta sa mata ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, muka tokare ta da dammunan ciyawa don kada ta kife. Maraƙar tana ta kuka daga ɗan shingenta. Na tsaya na ɗaga robar ƙarin ruwan sama da kaina, ina tunanin an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Can saniyar ta ɗaga kai, ta kaɗa kunne. Likita ta wanke hannu, ta ce ruwan nan zai tashe ta yau, amma ba zai riƙe ta ba. Abinci take buƙata na gaske, a riƙa ƙarawa a hankali, kuma yadda ta rame ga shi tana shayarwa, za ta so a haɗa mata da ɗan garin kitse. Ta zo da shi a leda cikin motarta.

Inna ta miƙe tsaye. Ta ce ba a gidanta ba, ba da ranta ba. Abin da ya kashe uwa shi za a ba 'ya?

"Mama," in ji Likita a hankali, "na daɗe ina so in faɗa miki. Garin ba shi da laifi. Saniyar da ba a tatsa, ga ta da ƙiba, ba ta buƙatarsa. Wadda ake tatsa kuma, awo ne. Gwangwani ɗaya, shafaffe."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma na ga fuskar Inna, sai na gane abin da na kasa ganewa duk shekarun nan. In garin ba shi da laifi, to akwai mai laifin. Ta gwammace ta tsani buhu, ta hana saniya ci, ta hana kanta barci, da ta ce hannun mijinta ne. Tausayinta ya kama ni.

Ta daɗe tana kallon Auta. Saniyar ta miƙo harshe ta lashi gefen zanenta. Sai Inna ta juya ta shiga ɗakin ajiya, muka ji ƙarar ƙusa. Ta fito da gwangwanin, ta ɗauraye ƙurarsa a famfo, ta goge da bakin mayafi. Ta ɗebo dusa a kwano, ta buɗe ledar da kanta, ta tsoma gwangwanin ya fito da tozo.

"Haka yake yi," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Sannan ya ƙara rabi, ya ce na albarka ne. Ina tatsa ina kallonsa, ban taɓa hana shi ba. Yadda yake murna..."

Ta sa ɗan yatsa ta shafe bakin gwangwanin, tozon ya zube cikin leda. Ta juye a dusar, ta cuɗa, ta tura kwanon gaban Auta. Saniyar ta shinshina, ta kau da kai. Inna ta durƙusa, ta ɗebo a tafin hannunta ta kai mata baki, tana kiran sunan a hankali, sunan da yake nawa a da. Auta ta sake shinshinawa, sannan ta soma lasa.