Durƙuson Mai Gudun Legas

Da baya yake saukowa daga mota a tashar Kafanchan, yana dafe da ƙofa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sauka daga tsani. Zai kai shekara hamsin. Furfura ta fara cin gemunsa. Silifas ne a ƙafarsa, farcen babban yatsansa ya yi baƙi ƙirin, takalman gudu kuma suna lilo a jikin jakarsa. A rigarsa an rubuta gudun fanfalaki na Legas, kilomita arba'in da biyu.

Ni tun safe nake jiran motar Kagoro ta cika, na gaji da komai, sai na zuba masa ido. Ina jin malamin makaranta ne, irin masu hawa dutse a guje da asuba, maƙwabta suna musu dariya.

Wata tsohuwa mai sayar da citta ta hango shi.

"Azariya! Ka dawo? Na nawa ka zo?"

"Na dai gama, Mama."

Da alama ƙawar mahaifiyarsa ce, ba a gaishe ta a tsaye. Ya dubi ƙasa, ya cije leɓe, ya durƙusa a hankali. Ya tambayi gida, ya tambayi coci, ya tambayi ciwon bayanta, bai tsallake ko ɗaya ba.

Gaisuwa ta ƙare, tashi ya gagara. Tsohuwar ta ture tirenta gefe, ta miƙa masa hannu biyu.

"Kama, ɗana. Legas ba ta kayar da kai ba, ba ni zan kayar da kai ba."