Matajin Anti Noelene

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah ya karɓi ran Anti Noelene a nan garin Cairns, bayan gajeriyar jinya. Ina shanya kaya mijina Wesley ya zo ya tsaya a bayana, da na juyo ya faɗa mini.

Anti, ina shekara tara malamarmu ta kai rahotona ofishinku na kare yara. Rahotanni sun fi ƙarfin ma'aikata, wasu a bi, wasu a jingine. Nawa har sau biyu aka bi. Suka zauna a falo, suka tambaye ni lafiyata a gaban mijin mahaifiyata, na ce lafiya lau, suka tafi.

Ke kuwa da mataji da man kwakwa kika zo. "Wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu? Zo nan, 'yata." Kika zaunar da ni a baranda, na ba ki baya. Yatsunki suka tarar da tabon da gashi ya rufe. Ba ki tambaye ni komai ba, taza kawai kike yi a hankali, har na amayar da abin da ke cikina. Daga nan wurin kakata kika kai ni, ba gidan baƙi ba.

Ke kika fara saya mini littafin soyayya, ke ce kuma kan gaba wajen yi mini tsiya. "Samarin nan naki na takarda, akwai mai wanke kwano a cikinsu?" Shi kansa Wesley sai da ya kankare miki tukunya kafin ki ce ya yi.

Watan jiya kika fito da ƙanwata Tamika, 'yar shekara shida, daga wancan gidan dai, kika kawo mana ita riƙon wucin gadi. Zaman kotun da za a yanke ko ta tsaya wurinmu ko a mayar da ita yana tafe, ke ce kuma za ki yi magana a madadinmu. A littattafaina, a irin wannan gaɓar wani yakan turo ƙofa ya shigo. Na daina duban ƙofa. Ni zan miƙe in faɗa musu abin da aka yi mini a gidan. Bayan ke, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Allah ya ji ƙanki, ya sanyaya makwancinki. Ya ba mijinki Kawu Ephraim da 'ya'yanki da dangi na tsibirin Badu haƙurin rashinki. Ya kuma bar mana Tamika.