Baƙuwar da ke Kusurwar Allon Malama

Kullum da safe, tun mai shara bai gama da baranda ba, za ka same ta gaban allo, alli ya ɓata mata bakin mayafi, tana rubuta wata ƙatuwar lamba a kusurwa. Sai ta juyo ta ce, "To, ga baƙuwarmu ta yau. Mara ce ko cika? Wa ke raba ta ba saura?" Da haka ɗalibai suka laƙaba mata Malama Mara-ko-Cika, har ita ma amsawa take.

'Yar lelenta ita ce 142,857. In ta zo kanta, wallahi sai ka ce labarin jikarta take ba ka. Mara ce, tara na raba ta tas, sha ɗaya ma haka. Ninka ta biyu, ka ga 285,714: lambobin nan shida ne dai, wurin zama kawai suka sauya. Akwai wani tela da a zamanin ɗalibtarsa ta taga yake gudun ajinta. Shi da bakinsa ya ce ranar da ya ga wannan abin mamaki ya daina tsoron lissafi.

Ke ce ba ki taɓa ce wa ɗan kowa daƙiƙi ba, Malama. Ke ce kika mai da lamba abokiyar hira.

Amma da ritaya ta matso, abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Idonta ya yi rauni, kuma ta sha ce wa ƙanwarta, "Anya ba ƙurar alli na sha a banza ba? Ana goge allon nan, an goge ni."

Ranar ƙarshe aji ya cika maƙil, tsofaffin ɗalibai har bakin ƙofa. Ta rubuta ɗaya, huɗu, biyu, takwas, biyar. Sai hannunta ya tsaya. Ta nemi inda ta kai, ido ya ƙi. Kunya ta kama ta.

Can baya telan nan ya ce, "Malama, saura bakwai."

Ta juyo a hankali. "In an ninka ta uku fa?"

Wata ma'aikaciyar jinya ta cafe: "428,571."

"Bakwai fa?"

Ai sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, masu furfura da 'yan ajin bana: "Tara, tara, tara, tara, tara, tara!" Malama ta kama dariya, hawayen farin ciki na zuba.

Sabuwar malamar da za ta gaje ta, ita ma ɗalibarta ce a da, ta matso ta karɓi allin. "Malama, gobe wace baƙuwa zan rubuta?"

Mun gode, Malama, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara hasken ido. Duk mai riƙe da alli ya yi koyi da ke. Allon dai an goge shi da yamma, amma washegari da safe akwai sabuwar lamba a kusurwa.